Talalar da Arzika Bai Samu Ba

Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana yabona da abu guda, wai Malam Sahabi ya yi shekara talatin yana aikin kotu bai taɓa tura ɗan kowa gidan yari ba. A wurin suna an faɗa, a wurin ɗaurin aure an faɗa, har na ga wasunku suna gyara zama idan an zo wurin. Ni kuwa duk sanda aka faɗa sai in nemi buta in ce zan kewaya. Kwanan baya jikata mai karatun lauya ta zo hutu tana ba ni labari da ɗoki, wai yanzu an fito da sababbin dokoki, mai ƙaramin laifi ba sai an kulle shi ba, a bar shi cikin danginsa ana sa masa ido, ko a ba shi sharar kasuwa. Na bar ta ta gama tas, sannan na ce mata wannan sabon abin nata da shi na ci tuwo tun uwarta ba ta zo duniya ba. Ta yi dariya, ni ma na yi. Amma tun da ta koma na kasa zama wuri ɗaya, in fita zaure in dawo, in ɗauki carbi in ajiye, har na ce a kawo mini takarda. Maganar da ake yi a kaina ba gaskiya ba ce. Na tura mutum ɗaya, kuma shi ne na farko da aka damƙa a hannuna.

A shekarar da aka sami mulkin kai ne na dawo Birnin Kabi daga wani kwas na 'yan watanni a Zariya. Na dawo da kaki mai guga, da keken gwamnati, da jakar fata cike da fom, da kuma kai wanda ya fi ƙarfin hulata. Aikin da aka koya mana sabo ne a ƙasar nan. Idan mutum ya yi laifin farko, kuma laifin bai kai ya kawo ba, alƙali yana iya fasa kulle shi ya yi masa ɗaurin talala, kamar yadda ake yi wa akuya doguwar igiya ta yi kiwonta ba tare da ta shiga gonar mutane ba. Mutum ya koma gidansa da sana'arsa, ni kuma in riƙa leƙa shi ina rubuta yadda yake. Sharaɗin guda ne mai ƙarfi: sai an sami babba cikin danginsa ya tsaya masa, ya ce na ɗauka, idan ya ƙara a tambaye ni. Ni ne mai zuwa in nemo wannan babban, in kawo wa alƙali rahoto. Alƙalinmu na lokacin tsoho ne mai ilimi da ba'a, ya yi shari'a tun ban san hanyar masallaci ba, kuma bai ɓoye mini cewa bai ga kan wannan doka ba. Ranar da na kai masa takardar kama aiki ya dube ni, ya dubi keken da na jingina a ƙofa.

"To Sahabi, in mun saki mai laihi ka bi shi da keke, in ya tsallaka gulbi hwa? Keken ga naka shina iyo?"

Muhuti, wato magatakardan alƙali, da 'yan doka suka kwashe da dariya. Tun daga ranar sunana ya koma malamin talala, har masu tallan goro a bakin kotu da shi suke kirana. Na yi wata uku ina zuwa ina zama a kan benci, ba a ba ni ko mutum ɗaya ba. In fera fensir, in jera fom, in sake jerawa, in hau keke in zaga unguwar Nassarawa ba dalili in dawo. Ko'ina ana maganar sabuwar ƙasa, sa'o'ina wasu sun zama akawuna, wasu suna bin 'yan siyasa a mota, ni kuwa ina gadin jaka. Na ƙosa, kuma ina so ku riƙe wannan, don mai ƙosawa ba ya sauraro.

Sai ga Arzika. Bakabe ne daga unguwar masunta a Argungu, saurayi dogo mai faɗin kafaɗa, shekarunsa ba su fi nawa ba. Ya kawo banda kasuwar Birnin Kabi a jirgi, ya shimfiɗa a tabarma, sai wani mai jaki ya bi ta kai, jakin ya tattake kifin. Maimakon mai jakin ya ba da haƙuri sai ya toshe hanci ya ce ai ƙarnin ne ya ja jakin, ya haɗa da zagin iyaye. Arzika ya ɗauki filafilin tuƙinsa ya sauke masa a hannu, hannun ya karye. Bai gudu ba, bai yi musu ba. Alƙali ya ji kowa, ya ce laifin ya kai wata tara a gidan yari. Sannan ya waiwayo inda nake, kamar wanda ya tuna da wani kaya da ya ajiye, ya ce to ga malamin talala nan, a ba shi kwana bakwai. Idan ya kawo wanda zai tsaya wa yaron nan, a sake shi ya koma sana'arsa ta su. Idan bai kawo ba, wata tara.

Na same shi a ɗakin tsare mutane na 'yan doka, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Abin da ya fara faɗa mini ba na laifinsa ba ne.

"Malam, ruwa sun hwara janyewa. In su yaw wuce ni bana, gidanmu ba ci. Tsoho hannunai ya hwara rawa, ni ka tuƙa shi."

Na ce wa zai tsaya maka? Ya sunkuyar da kai ya ce akwai manya gida. Na ce su wa? Ya sake cewa akwai manya. Ni kuwa fom ɗina yana da gurbi an rubuta uba, sai na duba takardar 'yan doka na ga sunan uban Gado, na kwafe na tashi. Tambaya ɗaya ce ban yi masa ba, wadda ko tsohuwar da ke tallan daddawa za ta fara da ita: a hannun wa ka tashi?

Washegari na shiga motar kasuwa zuwa Argungu. Damina ta ɗauke amma hanya ba ta bushe ba. Daga Ambursa fadama ce hagu da dama, shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya, kuma sau biyu muka sauka muna tura mota cikin laka. Ni duk hankalina yana kan kakina. Ba mu isa ba sai bayan azahar, direba kuma ya rantse cewa da an yi la'asar zai juya, wanda bai zo ba ya kwana. Na bi tambaya har unguwar masunta. Ku sani, a wancan zamanin mutumin Birnin Kabi mai kaki da takarda ba abin da Kabawa ke murna da gani ba ne, akwai tsohon tarihi tsakani wanda kakanni ba su gama mantawa ba. Duk wanda na tambaya sai ya nuna mini gaba da leɓe. A ƙarshe na iske maza kamar takwas a gindin wata tsamiya kusa da bakin gulbi, suna gyaran ragar kamun kifi, homa da taru, ga gorunan su a kife suna shan iska. Aka nuna mini Gado, wani ɗan tsoho siriri, zaren koma a bakinsa, hannunsa yana rawa amma ƙullin yana fita daidai. Na yi sallama a tsaye. Aka ba ni tabarma, na ƙi zama don kada in ɓata wando. Na buɗe jaka a gaban jama'a na ɗaga murya yadda nake jin muhuti yana yi.

"Kai na Gado, uban Arzika?"

Tsohon bai ɗago ba, ya ci gaba da ƙullinsa. Na ce ina tambaya ne da sunan kotu, wane irin hali ɗanka yake da shi, kuma za ka tsaya masa ko ba za ka tsaya ba? Sai ya juya fuskarsa wajen gulbi, ya cire zaren daga bakinsa, ya yi magana can ƙasa.

"A tambayi masu shi."

Na ce ai kai ne mai shi, sunanka ne a takarda. Na ga ya ɓata ƙulli ɗaya ya kwance, amma bai waiwayo ba. Wani maƙwabcinsa mai furfura ya taso ya kama hannuna ya ja ni gefe, yana magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya.

"Malam, yi haƙuri. Ɗan hwari nai na. Ba shi iya hwaɗin sunanai, balle shi yabe shi gaban mutane. Kawunai Kakale shi yar riƙe shi tun yaye, shina ƙetare, garin ga da kaka hange. Shi ad da magana. Ga jirgi nan, yanzu a tsallaka da kai."

Kada ku ce ban san wannan ba. Na sani sarai. A ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya yabonsa, ko ciwo yaron yake yi sai dai ya tambaya ta bakin wani. Ni kaina ɗan fari ne. Amma na dubi inda mutumin yake nuna mini. Gulbi ya cika ya batse, ruwan ja wur yana tafiya da ƙarfi, ciyayi suna wucewa a kai. Jirgin kuwa siriri ne na itace, ruwa kwance a cikinsa, wani yana kwarfewa da ƙoƙo. Mu gidan malamai ne, tun muna yara an hana mu zuwa bakin gulbi, ban taɓa shiga jirgi ba, ban iya iyo ko na taki ɗaya ba. Ga maza takwas suna kallona, waɗanda aka haifa a cikin ruwan nan, kuma na san idan na shiga ina rawar jiki labarin zai riga ni isa Birnin Kabi. Daidai nan na ji hon ɗin mota daga tasha. Na dubi agogona da kyau don kowa ya gani, na ce aikin gwamnati yana da lokaci, doka kuma uba ta ce. Na rufe jaka na juya. Ban ma faɗa musu ranar da za a koma kotu ba. Duk hanyar komawa ina gaya wa kaina cewa motar ce ta hana ni. Ba motar ba ce, tsoron ruwa ne, da tsoron a ga ina tsoro.

A tasha, kafin mota ta cika, na ɗora fom a gwiwa na cike gurbin. Na rubuta: an sami uban, an tambaye shi a gaban shaidu, ya ƙi tsaya masa. Na duba rubutun na ga ya yi kyau.

Da safe ina shan kunu a tsakar gida Inna ta tambaye ni yadda na iske Argungu. Na ba ta labari ina kumbura, ina cewa mutanen nan ba su san zamani ya canja ba, an zo a fitar musu da ɗa amma uban ya juya wa gwamnati ƙeya. Baba yana ƙofar turakarsa da littafi a cinya, kamar ba ya ji. Ku ba ku san shi sosai ba. Mutum ne da tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Idan zai aike ni sai ya ce wa Inna a gaya wa wancan, ranar da na ci jarrabawa kuwa tashi ya yi ya shiga ɗaki. Da ina yaro ban damu ba, haka na ga ana yi. Amma bayan na je makaranta na ga yadda wasu iyaye ke dafa kan 'ya'yansu, abin ya fara cina a rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina jin wani ɓangare na fushin da na yi wa Gado ba nasa ba ne. Baba ya ɗago, bai dube ni ba, ya dubi Inna.

"Hwaɗa ma mai kakin ga, wanda yak kau da kai ba ƙi yay yi ba. Shi koma shi tsallaka."

Ni ma sai na dubi Inna, na ce a gaya wa Malam doka ba ta san kunya ba. Inna ta saki ludayi ta ce, "Kai, kanka ɗaya?" Baba ya rufe littafinsa a hankali ya sa a gafaka.

"To. Ita doka ba ta da uba."

Ya tashi ya fita. Na bar kunun ban shanye ba. Maganarsa ta bi ni har kan keke, kuma wallahi da niyyar gyara na nufi kotu. Na ce zan roƙi alƙali ya ƙara mini kwana uku, in koma Argungu in rufe ido in shiga jirgin nan, abin da zai faru ya faru. Har na shirya kalmomin da zan faɗa. Ina shiga zaure na iske alƙali da muhuti da wasu dattawa ana hira kafin a fara zama. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, malamin talala! An samo mai tsayawa, ko keke ya ƙi iyo?"

Aka yi dariya, har da ɗan dokan da ke bakin ƙofa. Idan na ce a ƙara mini kwana, sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ake yi wa dariya. Na buɗe jaka na zaro rahoton na miƙa da hannu biyu, na ce Allah shi gafarta Malam, an gama aiki tun jiya. Ya karanta ya ɗaga gira, ya ce ashe yaron nan da sauri yake. Na ji daɗin yabon, kuma wannan jin daɗin yana cikin abubuwan da har yau nake neman gafara a kansu. Sauran kwanakin ban zauna ba. Sau biyu na je tashar Argungu na tsaya kusa da mota, in ga ana loda kaya, in juya. Abinci ya daina shiga. Na riƙa cewa a raina ai ko na tsallaka wataƙila kawun ma ya ƙi.

Ranar da kwana bakwai suka cika aka kawo Arzika. Ya shigo yana waige-waige, yana duba fuskokin da ke zaure ko zai ga na gida. Muhuti ya tashi ya karanta rahotona da murya mai ƙarfi, kalma bayan kalma. Da ya zo wurin da na rubuta uban ya ƙi tsaya masa sai na ga yaron ya daskare. Shi ma ya san kunyar ɗan fari, a cikinta ya tashi, da an ce uban ya yi shiru da ya gane. Amma ba shiru aka karanta ba. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ya manta da alƙali.

"Malam, shi yac ce hakanan? Da bakinai?"

Kowa ya zuba mini ido. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya, kuma na san ta. Na ce, "I." Arzika ya gyaɗa kai sau biyu. Da alƙali ya ce wata tara ko gezau bai yi ba, ya miƙa hannu da kansa aka tafi da shi.

Bayan kwana biyu na iske mutum biyu zaune a ƙasa a ƙofar kotu, ƙafafunsu fari fat da busasshiyar laka. Ɗaya Gado ne. Ɗayan wani ƙaƙƙarfan dattijo mai babbar murya, shi ne Kakale. Ashe tun ranar da na juya, kafin motata ta bar gari, Gado ya sa aka tsallaka da saƙo. Amma Kakale ya riga ya bi kifi can ƙasa da gulbi, sai da aka yi kwanaki kafin a same shi, yana dawowa kuma suka kamo hanya. Kakale ya tare ni tun ban jingina keke ba.

"Kai na malamin da yaz zaka? Ga ni. Ni na riƙe yaron ga, ni ka tsaya mashi. In ya ƙara a ɗaure ni. Ina za ni sa hannu?"

Na ce an riga an yanke hukunci. Ya ce yaushe, wa aka gaya wa? Na kai su gaban alƙali, ya saurare su da mutunci, ya ce hukunci ya fita daga hannunsa, sai dai a ɗaukaka ƙara, kuma sai malamin da ya rubuta rahoto ya rubuta cewa akwai kuskure a ciki. Ya faɗi haka yana kallona. Na ce zan duba. Na rubuta takardar nan sau uku a gida, sau uku ina yagawa, don duk yadda na juya ta sai ta nuna cewa na yi ƙarya a gaban shari'a a aikina na farko. Na riƙa ɗagawa gobe, jibi, har kwanakin ɗaukaka ƙara suka wuce. Kakale ya zage ni tas a bakin kasuwa, ya koma su don akwai bakuna da ke jiransa. Ban ga laifinsa ba.

Gado bai koma ba sai da ya yi kusan mako biyu. Ya gano hanyar da gandirobobi ke bi da fursunoni kowace safiya zuwa yankan ciyawa, ya sami gindin wata bishiyar bedi a bakin hanyar ya riƙa zama. Na gan shi da idona, don ni ma ƙafata ta riƙa kai ni can. Tun daga nesa zai miƙa wuya yana ƙirga su, har ya hango dogon nan a cikin layi. Amma da sun matso, da ɗan ya zo daidai shi, sai ya kau da kai ya dubi bango, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Sai sun wuce ya juyo ya bi bayansa da kallo har su sha kwana. Arzika kuwa bayan abin da na gaya masa, me zai gani? Ya ga tsoho ya taso tun daga Argungu ya zauna a hanya don ya juya masa baya a gaban fursunoni. Ranar farko ya rage tafiya. Ranar ta uku ko kallon bedin bai yi ba. Ni ina can gefe riƙe da keke, na fahimci abin da kowannensu yake gani, kuma ban matsa ba.

Sai da aka yi wata biyu na iya shiga gidan yari. Yari ya sa aka fito mini da shi inuwar bango. Ya rame, hannuwansa sun yi kanta irin ta lauje. Na gaya masa komai, har da jirgin, har da tsorona, abin da ban ƙara gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta muku. Na ce ubanka bai ƙi ka ba, ni na rubuta. Ya saurare ni har ƙarshe yana wasa da wani tsinke a ƙasa.

"Malam, gaban alƙali kac ce i. Yanzu bayan bango kana cewa a'a. Wacce za ni ɗauka?"

Na ce ta yanzu. Ya yi wani ɗan murmushi, ya ce su ya riga ya wuce, ya tashi ya koma ciki. Da wa'adinsa ya cika na je da sassafe don in raka shi mota, aka ce ai tun jiya aka sallame shi. Bai je Argungu ba. Wani ya ce ya gan shi a Yawuri cikin jirgin wasu masunta, bayan shekara wani ya ce ya yi gaba can ƙasa da kogin Kwara. Daga nan labari ya yanke.

Abin da ya biyo baya shi ne kuke ji ana yabo. Ban ƙara tambayar mutum wane ne ubanka ba sai na fara da wa ya riƙe ka. Na zauna a tabarmar kowa, na tsallaka gulbin nan ban san iyaka ba, ina ƙanƙame da bakin jirgi ina salati, masunta suna yi mini dariya, kuma ban mutu ba. Duk masuncin da ya biyo ta hannuna, ko na haɗu da shi a kasuwa, sai na tambaye shi ko ya san wani dogon Bakabe mai suna Arzika. Mutane da yawa sun koma gidajensu ta dalilina, ban musa ba, amma ba na iya jin daɗin lissafa su.

Bayan kamar shekara huɗu aiki ya kai ni Argungu, na ce yau sai na je. Na iske Gado kwance a zaure a kan tabarma, idanunsa sun yi fari, maza shida ko bakwai suna zaune kewaye da shi, har da maƙwabcin nan mai furfura. Na yi sallama na durƙusa. Ban faɗi ko ni wane ne ba, amma ya gane muryar. Ya yunƙura aka tallafe shi ya zauna, ya juyo da fuskarsa sosai wajena, ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Malam, ka ga Arzika?"

Mazan nan duk suka sunkuyar da kai. Wani ya ja hularsa ya rufe fuska. Tun da aka haifi yaron ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa sai ranar. Na ce ban gan shi ba, Baba, amma ina nema. Ya ƙara matse hannuna.

"In ka gane shi, ka ce mashi Gado ya tsaya. Ka hwaɗi da ƙarhi, yadda anka karanta waccan."

Na ce to. Bai kai ƙarshen daminar wannan shekarar ba. Ni kuma yanzu na haura tamanin, kuma har yau ban isar da saƙon ba.